Yadda Ake Tsara Gwajin Ƙarko Kafin a Karɓi Aikin Wutar Sola na Asibitin Karkara

Ranar da ake ƙaddamar da wutar sola a ƙaramin asibitin karkara, abin da akan duba bai wuce uku ba: fitilu sun kama, firjin allurar rigakafi ya ɗauki sanyi, famfo ya tura ruwa cikin tanki. A sa albarka, ɗan kwangila ya karɓi sa hannu, a watse. Wannan duka shaida ce cewa kayan suna aiki da rana tsaka, a ranar da suke sababbi fil. Abin da ya dami ungozoma daban ne. Ita so take ta san ko wutar za ta tsaya da ƙarfe uku na dare, cikin zafin watan Afrilu, shekara uku bayan yau, tana tsakiyar karɓar haihuwa.

Amsa wannan tambaya tun kafin ranar ta zo shi ne aikin gwajin ƙarko. Na zaɓi wutar asibiti ne saboda ƙarama ce a ido amma haɗin gambiza ce ta gaske: farantan sola, kwantirolar caji, batura, inbata, janareta, wani wurin har da wutar layi, sannan firji, sumon rijiyar burtsatse, manhajar da ke cikin kowace na'ura, da mutanen da ke taɓa su. Kowanne daga kamfaninsa ya fito, kuma babu kamfanin da ya taɓa gwada su a haɗe. Matakan da ke ƙasa su ne dai ake bi a masana'anta, a tashar sadarwa, har a ƙirar jirgin sama. Girman kuɗin ne ya bambanta.

Mataki na 1: Rubuta abin da ake nufi da "ya gaza"

Yawancin rigimar da kan ɓarke tsakanin mai aiki da ɗan kwangila bayan shekara guda, daga nan take samo tushe. Ɗan kwangila ya ce inbata lafiyarta ƙalau, kashe kanta ta yi don ta kare batir, haka aka ƙera ta. Incaji ya ce shi dai da fitilar waya aka yi wa mai jego ɗinki. Kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa, domin ba a taɓa zama an rubuta ma'anar gazawa ba.

Kowace buƙata ka rubuta ta da abu huɗu: aikin da za a yi, yanayin da za a yi shi, tsawon lokaci, da adadin da za a iya aunawa. Misali: sanyin cikin firji zai zauna tsakanin digiri 2 da 8, ko da zafin ɗaki ya kai digiri 43, tsawon shekara biyar. Digiri 43 ɗin nan shi ne zafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke gwada firjin rigakafin da za a kai ƙasashe masu zafi. Fitilar ɗakin haihuwa kuwa kana iya cewa kada ta ɗauke fiye da minti biyar a jere da dare. Sumo yana iya jiran kwana guda in tanki babba ne. Ka jera su bisa muhimmanci, don idan batir ya yi ƙasa, a san wanda za a fara yankewa.

Ka kula da alƙaluman da ke da daɗin ji. Idan aka ce maka wuta za ta samu kashi 99 cikin 100 na lokaci, ka tuna shekara awa 8,760 ce, kashi ɗaya da ya rage kuwa kusan awa 88 ne. In ya rarrabu, kamar kwata guda kowace rana, firji ba zai ma sani ba. In ya zo a dunƙule, kwana uku da rabi ke nan babu wuta, kuma allurar da ke ciki na iya tashi aiki. Saboda haka ka rubuta biyun: jimillar ɗaukewa a shekara, da mafi tsawon ɗaukewa guda da za a iya jurewa. Na biyun ya rataya ne a kan tsawon lokacin gyara, wato daga ina mai gyara zai taso, kuma kayan gyaran a sito suke ko sai an aika Kano ko Legas.

Mataki na 2: Auna wurin da kayan za su zauna

Ƙarfin da aka rubuta a bayan farantin sola an auna shi ne farantin yana kan digiri 25. A bazarar Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, iskar waje kanta takan haura digiri 40, farantin da ke shan rana kuma ya kai 65 ko fiye. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa tsakanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100, wato a irin wannan zafin kusan kashi 15 sun tafi tun kafin a yi maganar ƙura. Batirin ruwa mai darma ya fi shan wahala: duk ƙarin digiri 10 ko ƙasa da haka kaɗan sama da 25 yana raba tsawon ransa gida biyu.

Don haka kafin ka tsara kowane gwaji, ka ajiye 'yar na'urar adana ma'aunin zafi a ainihin ɗakin da za a sa batura da inbata, aƙalla mako biyu, in da hali a lokacin zafi. Ɗakin da ke da rufin kwano babu silin labarinsa daban da na rahoton yanayi. In akwai wutar layi, ita ma ka ɗauki bayanan hawa da saukarta, domin bolt 230 da aka rubuta ba kullum ne yake isowa ƙarshen layi ba.

Sai nauyin da za a ɗora. Takardar kwangila za ta ce fitilu goma sha biyu, fanka huɗu, firji ɗaya. Ka kwana a asibitin dare biyu ka gani da idonka. Za ka tarar da masu jinya suna cajin waya, wani ya jona hitar dafa ruwa don wankan jego, wani ya kawo dutsen guga. Waɗannan ba laifin da za a kawar da wa'azi ba ne, rayuwar wurin ke nan, kuma gwajinka dole ya ɗauke su a matsayin nauyin gaske.

Ka bi shekara daki-daki. Bazara na kawo zafi. Farkon damina na zuwa da guguwa mai ɗaga faranti da tsawa mai ƙona na'ura, sannan kwanakin lumshi a watan Agusta. Hunturu na zuwa da hazo mai rage hasken rana da ƙura mai toshe fankar inbata. Kada ka manta da masu rai: ɓera mai cin waya, tsaka da ƙadangare masu shiga tsakanin ƙarafan wuta, zanzaro mai gina gidan laka a ramukan shan iska.

Mataki na 3: Zana sarƙar, ka lissafa ta

A kan takarda guda, ka zana duk abin da wuta ke bi daga rana har zuwa firji: faranti, wayoyi da mahaɗansu, kwantirola, batir, inbata, allon rarraba wuta. Idan lalacewar ɗaya ta isa ta tsayar da aiki, to a sarƙa suke, kuma ƙarkonsu ninkawa ake yi. A ce kowanne cikin shidan yana da damar kashi 97 cikin 100 ta kammala shekara lafiya. Ka ninka 0.97 sau shida, za ka samu 0.83. Ke nan a asibitoci 100, kusan 17 za su ga matsala a shekarar farko, alhali kowane kaya shi kaɗai mai kyau ne.

Ana magance wannan da ajiye na ko-ta-kwana. Inbata biyu masu kashi 90 kowacce, idan ɗaya na iya riƙe aikin, a lissafi suna ba da kashi 99. Amma lissafin na aiki ne kawai idan abin da zai kashe ta farko ba zai taɓa ta biyu ba. A ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse a tashinta na farko daga tashar harba rokoki ta Kourou da ke Kudancin Amurka, cikin ƙasa da minti guda. Tana da na'urar sanin alƙibla guda biyu, babba da ta ko-ta-kwana, sai dai manhaja ɗaya ce a cikinsu, wadda aka gado daga Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, na'urorin biyu suka tsaya a kan kuskure iri ɗaya. Inbata biyu a ɗaki ɗaya mai zafi, a kan waya ɗaya da tsawa za ta bi, haka suke. A zanenka ka yi wa duk irin wannan wuri alama da jan biro.

Mataki na 4: Zaman "ta ina zai lalace?"

Injiniyoyi na kiran wannan zama FMEA, wato nazarin hanyoyin gazawa da abin da suke haifarwa, kuma asalinsa wata ƙa'idar rundunar sojan Amurka ce ta 1949. Ba ya buƙatar komai sai allo da mutanen da suka dace. Ni a ganina, zaman da babu incaji, babu maigadi, babu mai gyaran lantarkin da ya shekara goma yana buɗe ƙonannun inbatoci a kasuwa, rabin zama ne. Su ne suka san cewa ana kashe makunnin batir da dare don tsoron gobara, ko cewa yaron da ke wanke faranti yakan watsa musu ruwan sanyi da rana tsaka.

A ɗauki kowane kaya a yi masa tambayoyi: ta wace hanya zai gaza, me zai jawo, me zai biyo baya, kuma wa zai lura kafin ɓarna ta auku. Sai a ba shi maki daga 1 zuwa 10 a kan muni, yawan faruwa, da wuyar ganowa. An saba ninka ukun a jera su daga babba zuwa ƙarami. Ka yi hattara da wannan ninki, domin yakan ɗora abin da ke yawan faruwa amma ba ya kisa a kan abin da ba kasafai yake faruwa ba amma yana iya cin rai. Masana'antun motoci na Amurka da Jamus ma sun bar dogaro da shi a jagorar da suka fitar tare a 2019. Duk abin da muninsa ya kai 9 ko 10, kamar gobarar batir ko duhu a ɗakin haihuwa, ya shiga jerin gwaji ko makinsa nawa ne.

Daga wannan zama ne jerin gwaje-gwajenka zai fito. Gwajin da ba za ka iya nuna layin da ya haife shi a allon ba, ka soke shi, ɓarnar kuɗi ne.

Mataki na 5: Raba abin da takarda ta isar da abin da sai ka gwada

Ba komai ne za ka gwada da kanka ba. Farantin da ya ci jarrabawar ƙa'idar IEC 61215 ya riga ya sha juyin zafi da sanyi sau 200 tsakanin digiri 40 ƙasa da sifili da digiri 85, ya kuma yi awa 1,000 cikin zafin digiri 85 da laima kashi 85. Ba ka da ɗakin gwajin da zai maimaita wannan. Aikinka shi ne ka tabbatar takardar ta gaske ce, kuma lambar samfurin da ke jikinta ita ce a jikin farantin da aka sauke maka. Haka lambar IP a jikin akwati: lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP65 ƙura ba ta shigarsa, IP20 kuwa yatsa kawai yake hanawa, kuma inbatocin cikin gida da yawa a wannan matakin suke.

Abin da takarda ba ta taɓa faɗa maka shi ne yadda kayan za su zauna da juna, da yadda za su yi a ɗakinka. Kuma kada ka yarda da hujjar cewa "mun sa irinsa a wani wuri, lafiya lau". Manhajar Ariane ma ta yi shekaru tana aiki lafiya a tsohuwar roka. Ka tambaya: wurin nan da aka sa shi, zafinsa ɗaya da namu? Akwai sumo a kansa? Irin batirin ɗaya ne?

Mataki na 6: Guda nawa, kuma har tsawon wane lokaci?

Nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, don haka zan ɗan daɗe.

A ce shiri ne na asibitoci da yawa, kana so ka tabbatar aƙalla kashi 90 cikin 100 na inbatocin za su tsallake wani gwaji, kuma kana son yaƙinin kashi 90 a kan maganarka. Lissafi ya ce sai ka gwada guda 22, kuma ko ɗaya kada ta faɗi. In ɗaya ta faɗi, sai adadin ya kai 38 kafin ka iya yin wannan iƙirari. In kana son kashi 95 da yaƙinin kashi 95, guda 59 ne. Kashi 99 da yaƙinin 95 kuwa, 299. Gwada guda biyu su wuce yana da amfani wajen gano babban kuskure, amma ba ya ba ka bakin cewa komai a kan sauran ɗarin.

Idan da awoyi kake aunawa, ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Don ka nuna da yaƙinin kashi 90 cewa matsakaicin lokaci tsakanin lalacewa da lalacewa, abin da ake rubutawa MTBF, ya kai wani adadi, sai ka tara awoyin gwaji ninki 2.3 na adadin ba tare da gazawa ba. Kana son awa 5,000? Sai awa 11,500. Inbata goma su yi awa 1,150 kowacce, kwana 48 ke nan. In an samu gazawa ɗaya, ninkin ya koma kusan 3.9.

Kada MTBF ɗin da mai sayarwa ya rubuta ya ruɗe ka. Awa 50,000 ba ya nufin kowace na'ura za ta yi shekara biyar da 'yan watanni. Yana nufin idan ɗari suna aiki dare da rana, kusan 16 za su samu matsala cikin shekara guda.

Akwai kuma iyakar da wannan lissafi ba ya tsallakewa. Na'ura tana da zamani uku. Akwai mutuwar ƙuruciya, wadda kuskuren ƙira ko sakaci wajen ɗauri ke jawowa cikin kwanakin farko. Akwai tsakiyar rayuwa, inda lalacewa ke zuwa jefi-jefi. Sai tsufa, lokacin da fanka ta cinye, batir ya gaji. Injiniyan Suwidin Waloddi Weibull ya bayyana lissafin da ke bambance su a 1951, kuma har yau da shi ake aiki. Inbata goma na kwana 48 suna ba ka labarin zamani na farko da na biyu. Game da tsufa ba su ce komai ba, kamar yadda lafiyar yara goma ba ta gaya maka ciwon da ke jiran dattijo. Mutuwar ƙuruciya ita ce mafi arhar kamawa: kowace na'ura ta yi kwana uku cur tana ɗauke da cikakken nauyi a wuri mai zafi kafin a loda ta a mota. Tsufa kuwa sai mataki na gaba.

Mataki na 7: Gaggauta tsufa, amma da hankali

Ba wanda zai jira shekara biyar kafin ya karɓi aiki, saboda haka ake ƙara wa na'ura wahala don ta tsufa da wuri. Zafi ne babban makami, bisa ƙa'idar da masanin sinadarai Svante Arrhenius ya kafa a 1889. Ɗauki kafasitar ruwa, wata 'yar na'ura mai tara wuta da ke cikin inbata, wadda sau da yawa ita ce ke fara gajiya. Idan an rubuta mata awa 2,000 a digiri 105, duk saukar digiri 10 na ninka ranta sau biyu. A digiri 65 za ta yi kusan awa 32,000, shekara uku da rabi da ɗoriya. A digiri 75 kuwa awa 16,000, ƙasa da shekara biyu. Shi ya sa auna zafin cikin akwatin inbata lokacin da take ɗauke da cikakken nauyi ya fi tambayar mai shago "tana da ƙarko?" amfani nesa ba kusa ba. Digiri goma da ka rage da silin, taga ko inuwa, shekaru ne ka saya.

Sai dai gaggawa na da iyaka. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. In ka ƙara masa wuta don ya yi sauri, dafaffen ƙwai za ka samu. Idan zafin gwajinka ya narkar da robar da ba za ta taɓa narkewa a asibiti ba, ka ƙirƙiro ciwon da babu shi, ka bar na gaske. Ka tsaya cikin iyakar da mai ƙira ya rubuta, ko ka ɗan gota kaɗan da saninka. Abin da ke lalacewa da yawan kunnawa da kashewa, kamar makunnin sauya wuta, shi kuma yawan juyi za ka ƙara masa: in sau huɗu yake sauyawa a rana, shekara biyar juyi 7,300 ne, ana iya yin su cikin 'yan kwanaki.

Wanda ba shi da ɗakin gwaji na zamani yana iya amfani da kwantenar ƙarfe da ke zaune a rana, da na'urar adana ma'aunin zafi a ciki, da hitoci a matsayin nauyi. Amma ban da batir a irin wannan ɗumamawa. A ajiye shi waje a inuwa, a tanadi abin kashe gobara, kuma kada a bar gwajin babu mai tsaro.

Mataki na 8: Haɗa komai, sannan ka jawo matsala da gangan

In kuɗinka gwaji ɗaya kawai za su iya, to wannan ne. Ka haɗa tsarin gaba ɗaya yadda zai zauna a asibiti, da irin wayoyin, da tsawonsu, da ainihin firjin da sumon. Sai ka bi jerin da ya fito daga zaman mataki na 4, kana haddasa kowace matsala da hannunka, kana kallon abin da zai faru.

Ka fara da barin batir ya ƙare ƙarƙaf da dare, kada kowa ya taɓa komai, ka jira safiya. Batirin litiyam yana da na'urar tsaro a ciki da ke rufe shi idan ya yi ƙasa sosai. Wasu inbatocin kuma ba sa iya farkawa sai sun ga wuta daga batir. Sai rana ta fito tangaran, faranti na da wuta, batir na jiran inbata, inbata na jiran batir, asibiti na zaune babu wuta har sai an kira wani daga birni. Na taɓa tarar da irin wannan a wani aiki, kowane kaya da takardar shaidarsa, kuma ba a gano ba sai bayan an miƙa shi. Gwajin dare ɗaya ya isa ya tona shi.

Sai tashin injina. Sumo da kwamfuresar firji sukan ja ninki uku zuwa bakwai na wutar da suke ci a daidai lokacin tashi. Ka tayar da su tare, batir yana kashi 30, inbata ta riga ta yi zafi, fitilu duk a kunne. Ka tayar da janareta ka ga ko inbata za ta karɓi wutarsa, domin ƙaramin janareta yakan kauce wa juyi 50 a daƙiƙa idan nauyi ya hau shi, inbata kuma ta ƙi shi. Ka zare wayar sadarwa tsakanin batir da inbata. Ka rufe rabin faranti kwana uku a madadin lumshin Agusta. Ka toshe rabin ramukan iska a madadin ƙurar hunturu. Ka jona dutsen guga a soket ɗin ɗakin jinya ka gani: shi kaɗai za a yanke, ko har firji zai tafi? Ka auna wayar da aka binne don zubar da wuta cikin ƙasa, ka duba masu kare na'ura daga tsawa suna nan a ɓangaren faranti da na wutar layi.

A kowanne, abu uku kake dubawa: tsarin ya kare kansa, ya sanar da mutane ta hanyar da za su gane, kuma ya dawo da kansa bayan matsalar ta wuce. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa.

Daga nan ka gwada mutane. Ka kashe wani abu ba tare da sanarwa ba, ka miƙa wa ma'aikaciyar dare takardar umarnin da aka manna a bango, ka duba agogo. In ta kasa dawo da wuta cikin minti goma, takardar ce ta faɗi jarrabawa, a sake rubuta ta da Hausa, da hotuna, a kuma sa wa makunnai lamba. Wutar faranti da ta batir ba ta da wasa, tartsatsinta ba ya mutuwa da sauƙi, don haka duk cire waya da jonawa ƙwararre ne zai yi su.

Mataki na 9: Sa hannu a kan sharuɗɗa tun kafin a kunna

Kowane gwaji ya samu shafi guda: abin da ake gwadawa, yadda za a yi, na'urar awo, adadin da ke nufin an ci, adadin da ke nufin an faɗi, wanda zai shaida, da abin da za a yi in an faɗi. Mai aiki da ɗan kwangila su sa hannu kafin ranar. Idan aka bari sai sakamako ya fito, kowa zai ja ma'anar zuwa inda ta yi masa daɗi.

A buɗe littafi guda na rubuta duk abin da ya saɓa, komai ƙanƙantarsa: ranar, awa, zafin ɗaki, nauyin da ke kai, lambar kuskuren da ta fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Kalmar da na fi tsoro a wurin gwaji ita ce "ta ɗan ɗauke amma ta dawo". Kumbon Amurka Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairu 1986, daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka rasu, saboda zoben roba da ke toshe mahaɗin rokar ya ƙi aiki cikin sanyin safiyar, wanda bai wuce digiri 2 ba. An riga an ga alamun ƙuna a irin waɗannan zobba a tashin da suka gabata, amma da yake kowane karo an dawo lafiya, sai aka saba da abin. Duk layin da aka buɗe a littafinka, ba a rufe shi sai an gano sanadi, an gyara, an kuma maimaita gwajin da ya tono shi. Canza fiyus ba gano sanadi ba ne. Kuma in gyaran ya taɓa manhaja ko ya sauya wani kaya, gwaje-gwajen mataki na 8 da suka shafe shi sai an sake su.

Mataki na 10: Jadawali, kuɗi da shekarar farko

Ka tsara lokaci da sanin cewa za a faɗi wani gwajin. Jadawalin da bai bar gurbin gyara da maimaitawa ba, ranar da aka samu matsala matsin lamba zai sa a kau da kai. Ni nakan ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kwanakin gwaji don wannan.

In shirin na wurare da yawa ne, kada a kafa su duka a tashi ɗaya. A fara da uku zuwa biyar, a zaɓi masu wahala: mafi zafi, mafi nisa daga mai gyara, mafi yawan haihuwa. In an kafa su a watan Fabrairu, kafin ƙarshen Satumba sun ga wutsiyar hazo, sun sha bazara, sun ratsa tsawa da lumshin damina. A sa musu na'urar aiko da bayanai ta layin waya in akwai sabis, in babu a ba incaji littafi ya riƙa rubuta cajin batir da asuba da sanyin firji safe da yamma. Cajin asuba shi ne ma'aunin da ya fi saurin nuna batir ya fara gajiya.

A cikin kwangila, a riƙe wani kaso na kuɗin har sai tsarin ya cika shekara yana cika alƙaluman mataki na 1, a kuma rubuta cikin kwana nawa ɗan kwangila zai iso in an kira shi. Ranar karɓar aiki, abin da za a miƙa wa asibiti ya haɗa da zanen wayoyi, saitin inbata a rubuce tare da lambar sirrinta, littafin gwaji da duk layukansa a rufe, fiyus da fankar ajiya, da ranar da za a dawo a sake gwajin ƙarewar batir, wato farkon Maris mai zuwa, kafin zafi ya kankama.